Abin da muka tsamo daga kwatar layinmu

Kowace shekara kafin damina ta kankama, mutanen layinmu a Tudun Wadan Kaduna kan fito wata ranar Asabar domin yashe kwata, saboda kada ruwan sama ya toshe ya shiga gidaje. A bara muna cikin wannan aiki sai shebur ya riƙa fito da ƙananan kwalaben maganin tari da fankon katin ƙwayoyi, har suka yi tsibi a bakin hanya. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne babu wanda ya nuna mamaki. Wani dattijo, abokin mahaifina, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, duk wanda ke tsaye a nan ya san inda aka sayo su, ya kuma san gidajen da aka sha su, amma wa zai fara buɗe baki?" Na ce masa, "Baba, ai ku ne manya." Ya girgiza kai kawai ya koma kan aikinsa.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya, kuma ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma kwalaben da muka tsamo sun isa shaida cewa haramci a takarda bai rufe ƙofar bayan fage ba. Batun mata ne ya fi tsaya mini a rai, domin idan ana maganar shaye-shaye hankalinmu kan tafi ga saurayin da ke busa wiwi a kango ko mai shaƙar sholisho a tasha, alhali akwai matar aure da ke kurɓar kodin a uwar ɗaka, akwai kuma budurwar da ƙawaye suka koya wa tiramol a gidan biki. Irin waɗannan ba a kai su ko'ina, saboda iyaye na tsoron kada magana ta fita 'yarsu ta rasa mijin aure. Mukan kira wannan rufin asiri, amma a ganina ciwon da aka ɓoye ne yake ruɓewa.

Iyayen da suka yunƙura kuma sau da yawa ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Mutanen Kaduna ba su manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa, wasunsu da mari a ƙafa. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna neman a shirya musu 'ya'ya. Ba na ɗora wa waɗannan iyaye laifin mugunta. Gajiya da rashin sanin mafita ne suka kai su can. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da likitocin da suka san aikin, ga hukumar da jihar ta kafa domin rigakafi da jinyar masu shaye-shaye, amma muddin mutum na jin cewa zuwa Barnawa tamkar shelanta hauka ne a gidansa, zai gwammace ya bi wata hanya.

Hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana kama dillalai, kuma tun 2021 tana gangamin wayar da kai a makarantu da wuraren ibada. Sai dai jami'inta ba ya kwana a layinmu. Wanda ke fara ganin yaro ya canza abokai shi ne malamin Islamiyya, da mai shayin bakin titi, da uwar da ta lura kuɗin cefane ya fara ɓacewa. Waɗannan su ne ya kamata a koya wa alamomin farko, da yadda ake yi wa yaro magana ba tare da duka ko tozarci ba, da kuma inda za a tura shi.

Ƙasar Iceland ta ba ni abin tunani. A 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 a can sun ce sun bugu a watan da ya gabata, amma zuwa 2016 adadin ya sauka zuwa kashi 5. Sun cike wa yara lokacin bayan makaranta da wasanni da sana'o'in fasaha, suka ƙayyade lokacin komawa gida da dare, iyaye kuma suka yi alkawari a tsakaninsu. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da sa'o'in da ke tsakanin La'asar da Isha'i, waɗanda su ne yaro ya fi ɓacewa a cikinsu, muna kuma da masu sana'a irin na kasuwar Panteka da za su iya ɗaukar almajiran aiki. Abin takaici, filin ƙwallon da muka taso muna bugawa an yanka shi filoti-filoti tuntuni.

Bayan wancan aikin kwata mun je zauren mai unguwa mu shida. Na ce, "Ranka ya daɗe, so muke a riƙa zama duk wata, da liman da limamin cocin da ke bayanmu, kuma mata su yi nasu zaman a cikin gida." Ya amince. Zama na farko mutum goma sha ɗaya suka zo, kuma sai da aka kusa tashi wani magidanci ya sunkuyar da kai ya ce ɗansa ne, yana neman wanda zai raka su asibiti ranar Litinin.