Jirgin kuza na Jos da abin da ya raba ni da aikina

Na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Waɗanda muka zauna tare a sashen hoto sun san dalili, ko da yake ba wanda ya furta shi a gabana. Masu bugo mini waya suna tambaya kuwa, ga amsar a rubuce, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Maganar ta taso ne daga kundin hotunan tsofaffin jiragen ƙasa da kamfaninmu ya karɓi kwangilarsa. Da aka raba aiki, Jos ta faɗo a kaina, wato ragowar kawunan jirgi da taragai na tsohon ƙaramin layin dogon nan da ake kira layin Bauchi, waɗanda ke ajiye a harabar gidan tarihi. Oga ya ɗauke shi ƙaramin aiki, shi ya sa ya miƙo mini. Ni ma da farko ban san nauyin abin ba, sai da na sa awo a tsakanin ƙafafun jirgin na ga ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Wannan bambancin na ƙafa guda shi ya sa na zauna na bi diddigin layin.

Turawa sun fara shimfiɗa shi daga Zariya a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya hau dutse ya isa Jos da Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Ba don fasinja aka yi shi ba, don kuza aka yi. Kafin zuwansa, a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su taka da ita tun daga kan dutse har Loko a bakin kogin Binuwai, a zuba a jirgin ruwa. An matse faɗin layin ne saboda ya fi araha, kuma ƙaramin jirgi ya fi iya shan kwana a gindin duwatsu, ga shi Zariya ba ta kai mita 700 daga teku ba, Jos kuwa ta haura 1,200. Sunan Bauchi da aka laƙaba wa layin ya samo asali ne daga lardin, don a lokacin ƙasar Jos a ƙarƙashin Lardin Bauchi take. Jirgin bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwar ƙaramin ta fara ja da baya, aka rufe shi a 1957.

Duk wannan na rubuta shi a ƙasan hotunan, kowane da nasa bayanin.

Ɗaukar hoton baƙin ƙarfe ba wasa ba ne. Da rana ta take, sai kan jirgin ya zama dunƙulen duhu, ba ka ganin ƙusa ba ka ganin bututu. Don haka da asuba nake zuwa, cikin sanyin Jos mai sa yatsa ta ƙage a kan kyamara, in kafa ƙafarta in jira hasken farko ya bugo daga gefe. A wannan ɗan lokacin ne kawai kan kowace ƙusa ke fitar da inuwarsa, a ga inda hannun mutane ya goge ƙarfen riƙo har ya yi santsi, a ga matakalar da takalma suka cinye tsakiyarta. Ma'aikatan wurin sun yi mini halacci, suna buɗe mini da wuri, wani ma yana riƙe mini farin allo don ya mayar da haske ƙarƙashin tukunyar tururi.

A nan na haɗu da wani dattijo da ya kawo jikokinsa kallo. Ya tsaya yana duban yadda nake ta rarrafe a ƙasa, ya ce, "Yaro, kana ɗaukar ƙarfe ka bar masu shi." Na ce, "Baba, ina masu shi?" Ya ce ga ɗaya a gabanka. Mahaifinsa leburan reluwe ne, shi kuma ya hau jirgin yana ƙarami. Ya ba ni labarin yadda jirgin ke nishi idan ya fara hawa bayan Jengre, tafiyarsa ta ragu har yara su sauka su bi shi da ƙafa su sake ɗarewa, da yadda tartsatsin gawayi ke huda wa mutane riga. Sai ya koma kan zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin diban gwamna, da aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyuka ana kawo su haƙar kuza dole, mutanen da ba su saba da sanyin dutse ba, da yawansu ba su koma gida ba. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin taragon yana magana, na nemi izininsa na ɗauka. A shekarun da na yi ina riƙe kyamara ban ɗauki hoton da ya kai wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da na dawo ofis na miƙa komai. Oga ya duba a tsaitsaye, ya ce tsohon nan zai ɓata mana shafi, masu kwangila jirgi suka biya ba talauci ba. Na ce, "Yallaɓai, ai shi ne labarin." Ya ce ba a ɗauke ni aiki don in ba da labari ba. Ya sa mai tsara shafi ya goge tsatsar da kwamfuta, ya shafa wa jirgin baƙi mai sheƙi, har ya ƙara masa hayaƙi a bututu, jirgin da rabonsa da wuta tun kafin a haifi Oga. Wai ya ga hotunan jirgin Darjeeling na Indiya, haka yake son namu ya fito. To ai na Darjeeling tun 1881 yake hawa dutse kuma har yau yana hawa, hayaƙinsa na gaske ne. Namu ya tsaya, kuma tsayuwar tasa tana cikin tarihin da aka ce mu ɗauko.

Bayanin da na rubuta ma bai tsira ba. Ya ce ya yi tsawo, ya soke shi, ya rubuta layi ɗaya da hannunsa: jirgin da ya riƙa kai fasinjoji daga Legas zuwa Bauchi. Jirgin da ƙafafunsa ba za su ma zauna a kan layin Legas ba! Garin Bauchi kuwa bai ga jirgi ba sai da aka ja sabon layi daga Kuru zuwa Maiduguri, bayan an riga an rufe wannan. Na faɗa masa a ofishinsa, na sake tura masa a rubuce, bai amsa ba. Da kundin ya fito, sunansa ne a ƙarƙashin hotunan Jos, nawa yana can shafin baya cikin jerin waɗanda aka yi wa godiya, tare da direban ofis.

Na haɗiye wannan. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne ranar da wani tsohon ma'aikacin reluwe ya rubuto wa masu kwangila cewa bayanin ƙarya ne. Aka kira taro, Oga ya miƙe a gaban kowa ya ce yaron da ya tura Jos ne bai yi bincike ba. Hoto nasa, kuskure nawa. Mutum uku a ɗakin sun ga takardar da na tura masa, duk suka sunkuyar da kai. Ban riƙe su a zuci ba, kowa da iyali a bayansa, amma kuma ban manta ba. Aka zaftare mini alawus na watan, aka ce in rubuta takardar ban haƙuri. Takardar da na rubuta ita ce ta ajiye aiki.

Ga ƙannena da suka rage a sashen, musamman sababbin shiga: kada ka miƙa memorin kyamara sai ka kwafe asalin hotunanka a wurin da ba na ofis ba. Sa sunanka a cikin bayanan kyamara tun kafin ka danna hoton farko. Duk gyaran da ka ƙi amincewa da shi, faɗe shi a rubuce kuma ka sa wani a kwafi, don ni wannan ce ta hana ni shakkar kaina a daren da aka yi taron. In babba ya ce maka suna ba komai ba ne, duba ka ga ko ya cire nasa.

A gefen sana'ar ita kanta, ka tsayar da mutum kusa da jirgi, in ba haka ba mai kallo ba zai san ƙanƙantarsa ba. Ka auna abin da kake ɗauka. Ka gaisa da tsofaffin da ke zagaye wurin kafin ka buɗe jakar kyamara.

Yanzu ina aikin kaina. Na fara bin garuruwan da layin ya ratsa, Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre, ina neman ragowar gadoji da tudun da aka ɗora dogo a kai, ina zama da waɗanda suka hau jirgin ko iyayensu suka yi masa aiki. Mafi ƙanƙanta a cikinsu ya haura saba'in, don haka ba aikin da za a ɗaga zuwa baɗi ba ne. Kuɗin mota daga aljihuna yake fita, kuma wani watan ba ya isa. Wanda ke da tsoho a gida da ya san jirgin nan, ko tsohon hoto ko tikiti a ƙasan akwati, ya neme ni. Sunan mai labari zai fito a ƙasan hotonsa, tsatsar kuma ba mai goge ta.