Kyuba da Afirka: yadda yarjejeniyar likitoci ke aiki, da inda take cin tuntuɓe

Kyuba tsibiri ne mai mutane kimanin miliyan goma, kuma tekun Atlantika gaba ɗayansa ya raba ta da Afirka. Ba ta da kuɗin ba da rance kamar Sin, ba ta da kayan masana'anta da za ta cika kasuwanninmu da su. Abin da take aikowa shi ne mutane. A 1963 ta tura ayarin ma'aikatan lafiya fiye da hamsin zuwa Aljeriya, bayan likitocin Faransa sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar. Daga 1975 zuwa 1991 sojojinta sama da dubu 300 suka yi aiki a Angola, fiye da 2,000 suka rasu a can, kuma yaƙin Cuito Cuanavale na 1988 yana cikin abubuwan da suka share fagen 'yancin Namibiya a 1990. Shi ya sa Mandela ya je Kyuba a 1991 domin godiya.

Yau sojoji sun koma gida, likitoci ne kan gaba. Aikin nasu yana farawa ne da yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati. Ma'aikatar lafiyar ƙasa mai karɓa ita ke faɗin irin ƙwararrun da take so: likitan tiyata kaza, na mata kaza, na yara kaza. Kyuba ta zaɓo su, hukumar rajistar likitoci ta ƙasar ta duba takardunsu ta ba su izinin aiki, sannan a rarraba su asibitoci, galibi na karkara inda likitocin gida ba sa son zama. Wa'adin yakan zama shekara biyu zuwa uku. Masauki, mota, tikitin jirgi da alawus duk suna wuyan mai masauki. Ƙasa matalauciya kan tsaya a nan. Mai ɗan hali kuwa tana biyan kuɗi a kan kowane likita, kuma kuɗin yana shiga asusun gwamnatin Kyuba ne, likitan ya samu kaso kaɗan. Wannan rabon ne Amurka ke kira aikin tilas, har a 2025 ta faɗaɗa hana biza ga jami'an da ke da hannu a shirin. Kyuba kuma ta ce da kuɗin take riƙe asibitoci da makarantunta na kyauta. A ganina likitan da ya bar iyalinsa shekara uku ya cancanci fiye da abin da ake miƙa masa, amma wannan bai rage darajar aikin da yake yi ba.

An ga darajar a 2014. Lokacin da Ebola ke cin rayuka, ƙasashe masu ƙarfi na jan ƙafa, Kyuba ta sauke ma'aikata 165 a Saliyo a watan Oktoba, jimillarsu ta kai 256 da na Laberiya da Gini.

Matsala ta farko harshe ne. Likitan da Sifaniyanci ya yi karatu, Turancinsa ko Faransancinsa na 'yan watanni ne, mara lafiyar kuma wata tsohuwa ce a arewacin Ghana da ba ta jin komai sai Dagbani ko Hausa. Ta ce "cikina na murɗa", nas ta juya zuwa Turanci, likita ya juya a ransa zuwa Sifaniyanci. Kafin magana ta iso, rabin bayanin ya zube a hanya, nas ɗin da ya kamata ta yi allura kuma ta zama tafinta. Idan ba a ware tafinta a cikin kasafi tun farko ba, haka za a yi ta fama.

Ta biyu kayan aiki. A kawo ƙwararren likitan tiyata a ajiye shi inda babu mai sa barci, babu jini a ajiye, janareta babu mai. Sai ya ƙare yana rubuta maganin zazzaɓi, ana biyan kuɗin ƙwararre.

Kenya ta haɗa sauran matsalolin. A 2018 ta kawo likitoci 100, ƙungiyar likitocin ƙasar ta tayar da jijiyar wuya, tana cewa ga 'yan gida zaune ba aiki an kawo baƙi da tsada. A Afrilun 2019 aka sace biyu daga cikinsu a Mandera, kan iyaka da Somaliya, suna hanyar zuwa asibiti, aka kashe ɗan sandan da ke rakiyarsu. A 2023 Kenya ta ce ba za ta sabunta yarjejeniyar ba.

Horar da 'ya'yan ƙasa a Kyuba ya fi ɗorewa, amma shi ma da nasa matsalolin. Ɗaliban Afirka ta Kudu kan yi shekara guda suna koyon Sifaniyanci da share fage, shekara biyar a karatun likita, sannan su dawo gida su yi wata 18 a jami'o'in ƙasarsu. Wannan zangon ƙarshe ba ado ba ne. Kyuba ta kawar da maleriya tun farkon shekarun 1970, tarin fuka da ƙanjamau ma ba su yi yawa a can ba, don haka ɗalibi na iya kammalawa bai taɓa ganin yaro yana sanƙarewa da zazzaɓin cizon sauro ba. Ƙasar da ta tura ɗalibai ba ta tanadi irin wannan horo ba, za ta ga suna faɗuwa jarrabawar rajista.

Ciniki kuwa bai taka kara ya karya ba. Takunkumin Amurka yana nan tun 1962, kuma dokar Amurka ta 1992 ta hana jirgin ruwan da ya sauke kaya a Kyuba shiga tashar Amurka har kwana 180, abin da ya sa kamfanonin jigila ke gudun hanyar. Bankuna ma na tsoron tura mata kuɗi, har biyan kuɗin likitoci kan maƙale. Abin da ke tafiya shi ne musaya: Aljeriya ta sha ba ta mai, likitocin idon Kyuba na aiki a garuruwan Aljeriya irin su Djelfa da Ouargla, sannan a Kibaha ta Tanzaniya an buɗe masana'antar maganin kashe tsutsar sauro da fasahar Kyuba a 2015.