Maɓallin 48V da fiyanon Yayana

Wata bakwai ke nan da faruwar abin, amma har yau in na kai yatsa zan danna ɗan maɓallin nan da aka rubuta wa 48V a jikin saunkad ɗina, sai gabana ya faɗi. Nakan janye hannu, in bi kowace waya da ido tun daga bakinta har inda ta ƙare, sannan in danna.

Sana'ata ɗaukar murya ce. Tallan rediyo na shaguna da makarantu, sanarwar biki, wani lokaci karatun rubutu don a ɗora a YouTube. A wani ɗan ɗaki a gidanmu nan Kano nake yi, na lulluɓe bangon da soso da tsofaffin barguna. Kamar kowa, da ɗan ƙaramin akwatin sauti na V8 da makirufon BM-800 na fara, har ranar da wani mai ba ni aiki ya dawo min da talla ya ce ana jin "shuuu" a ƙarƙashin muryar. Daga nan na ƙudurta sayen saunkad na gaske, akwatin nan da ake jona wa kwamfuta ta USB, shi ya karɓi makirufo ya mayar da sautin lambobi, kwamfuta ta ajiye.

Mako uku na yi ina bincike, kuma yau in na tuna abin da na ɓata lokacin a kai sai raina ya ɓaci. Lambobin jikin kwali nake bi: wannan yana kai 192kHz, wancan 96kHz ya tsaya. Na kwana ina kwatanta na kamfanonin Focusrite da Behringer da M-Audio da Audient. Na zaga Sabon Gari, na sa an tambayo min farashi a Alaba ta Legas. Alhali ni da duk aikina a 48kHz yake ƙarewa, don shi bidiyo ke so, faifan CD ma 44.1kHz ne, ban taɓa taɓa 192 ɗin nan ba tun da na saya. Tambaya ɗaya ce ta kamata in yi, ita ce kuma ban yi ba: in na danna 48V, a cikin ƙofofin akwatin, wato ramukan da ake jona waya, ƙofa nawa wutar ke shiga? Ba zan faɗi sunan wanda na saya ba, don laifin ba nasa ba ne. Amsar tana rubuce a takardar da ta zo cikin kwalin, ni ne ban buɗe ta ba.

Wani mai shagon atamfa ne ya ba ni aikin talla, ya ce yana son kiɗa a ƙasan muryar, kiɗan da aka yi dominsa, ba wanda aka ɗauko a intanet ba. Ɗan wan babana, da nake kira Yaya, makaɗin fiyano ne a wuraren biki, da shi yake ci da iyalinsa. Na roƙe shi ya zo ranar Laraba da yamma, ya ɗauko fiyanon a bayan babur ya zo, ko kuɗin mai bai karɓa ba.

Makirufona na kondensa yana ƙofa ta ɗaya, 48V a kunne tun safe don na yi wata sanarwa. Na duba jakar wayoyi ban ga mai jak a duka bakin biyu ba, sai na ga wata da na taɓa saya don lasifika: gefe ɗaya jak, gefe ɗaya XLR mai haƙora uku. Ta shiga bayan fiyano daidai, ta shiga ƙofa ta biyu daidai. A raina na ce shi ke nan.

Da na cusa ta, lasifika ta yi "ɗas!" da ƙarfi. Wannan ita ce alama ta farko, na share. Yaya ya danna, sautin ya fito a fashe, yana karkarwa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Alama ta biyu ke nan, ita ma na ɗora wa ƙarfin shigar sauti, na murɗa shi ƙasa har ƙarshe, muka ci gaba. Ba mu yi minti goma ba kiɗan ya fara yankewa yana dawowa, daga nan ya ɗauke ɗif. Muka canza ƙofa, shiru. Muka jona fiyanon kai tsaye da lasifika, shiru. Ramin abin sa wa a kunne ne kawai ke ba da sauti.

Yaya ya daɗe yana kallon fiyanon bai ce komai ba. Yana da kamu ranar Juma'a, yana da wani bikin Asabar ta sama. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Ba komai, ƙanena, ƙaddara ce. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ni na taimaka masa muka ɗaure fiyanon a babur, ban iya haɗa ido da shi ba.

Kamun Juma'a ta ramin kunne ya lallaɓa ya yi shi, sautin ba daɗi, har mai lasifikun wurin ya yi masa magana. Ranar Litinin muka kai wa wani dattijo mai gyaran kayan sauti. Bai ko kwance ba sai da ya tambaye ni, "Yaro, me ka jona masa?" Na nuna masa wayar. Ya juya ta a hannunsa, ya sa mitarsa a haƙoran, ya ce, "Fantom ɗinka a kunne yake?" Na ce, "Eh Baba, amma ai na makirufo ne, makirufon kuma yana ɗaya ƙofar." Ya girgiza kai. "Maɓalli nawa ka gani a jikin akwatin?" Ɗaya ne. A nan jikina ya yi sanyi.

Abin da ya koya min a tsaye a bakin shagonsa ya fi duk abin da na karanta a makonni ukun nan. Makirufon kondensa ba ya aiki sai da wuta, saunkad ne ke tura masa bolt 48 ta cikin wayar da sautin ke bi ya dawo. Shi ya sa Turawa suka sa mata suna fantom, wato fatalwa: tana cikin wayar, ba a ganin hanyarta. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya fito da tsarin a 1966, saboda gidan rediyon Norway. Bakin XLR haƙora uku gare shi, na 1 na ƙasa ne, na 2 da na 3 su ke ɗaukar sauti, kuma wutar tana hawa kan na 2 da na 3 daidai wa daida. Makirufon dainamik irin SM58, wanda ba ya buƙatar wuta, yana zaune tsakanin biyun, tun da kuma babu wanda ya fi wani, ba ya jin komai, muddin wayar lafiyayya ce. Wayata kuwa an haɗe na 3 da na 1 a cikinta, aka miƙa na 2 zuwa kan jak. Wato bolt 48 ɗin nan gaba ɗaya ta bi ta kan jak ta shige mafitar sautin fiyano, wurin da aka gina don ya fitar da ɗan ƙaramin sauti, ba don ya karɓi wuta ba. Da ya kwance, kafasito ɗaya ya kumbura, wani ƙaramin tiransisto kusa da mafitar ya mutu.

Wani kayan yana jure wannan, a cire waya a ci gaba da harka, shi ya sa za ka ji wani ya ce ai shi ya sha yi bai ga komai ba. Fiyanon Yaya bai jure ba.

Abin da ya fi ci min rai har gobe shi ne ramin da ke tsakiya. Ƙofar saunkad ɗin irin mai karɓar baki biyu ce, XLR a kewaye, ramin jak a tsakiyarta. Wutar fantom ba ta bi ta ramin jak ɗin sam. Da wayar jak da jak na sa, wadda ba ta kai kuɗin katin waya na mako ba, a ƙofar nan dai, 48V a kunne, babu abin da zai sami fiyanon. Sautin ma da bai fashe ba, don ramin jak shi aka yi wa ƙarfin sautin da fiyano ke fitarwa, ɓangaren XLR kuwa na raunannen sautin makirufo ne. Tsakanin lafiya da asara bai fi faɗin yatsa ba, kuma mai sayar da wayoyi yana nan bakin titinmu, tafiyar minti biyar. Gaggawa ce ta hana ni zuwa, don kada in bar Yaya yana jira.

Kwana tara fiyanon ya yi a wurin gyara kafin a sami kayan. Na biya gyaran, na biya hayar wani fiyanon don bikin Asabar, kuɗin talla uku suka tafi. Kuɗin bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba: na hayar ba irin nasa ba ne, ya ƙi karanta kiɗe-kiɗen kalangu da Yaya ya tara a filashinsa shekara da shekaru, ya yi bikin mutane da abin da ya samu a ciki. Bai gaya min ba, a bakin matarsa na ji.

Yanzu in wani ya tambaye ni wanne zai saya, ba na fara masa da suna. Cewa nake yi ya lissafa min abin da zai jona, duka, har wanda yake tsammanin sai shekara mai zuwa. In murya ce kaɗai, mai ƙofar makirufo ɗaya irin Scarlett Solo ya ishe shi, ƙofarsa ta biyu ma jak ce zalla, babu ta inda zai yi irin kuskurena a cikinta. In mai ƙofa biyu yake so, ya san cewa yawancinsu, har fitattu irin Scarlett 2i2 da UMC202HD, maɓalli ɗaya ne ke ba ƙofofin biyu wuta. Ba aibu ba ne, haka aka tsara su, amma dole ya sani tun kafin ya biya. Akwai masu ba kowace ƙofa maɓallinta, MOTU M2 na cikinsu, kuma da zan sake saye yau, a kan wannan kaɗai zan ƙara kuɗi. Mai niyyar sayen makirufo irin SM7B kuma ya duba ƙarfin ɗaga sauti, don yana neman wajen 60dB, ƙananan akwatuna da yawa sai an ƙure su suke kaiwa, ƙurewar kuma ita ke kawo "shuuu" ɗin da aka gudo.

Sauran abubuwan da na zaci za su ba ni wahala ba su ba ni ba. Direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane akwatin, daga shafin kamfanin na sauke, ya zauna a Windows lafiya. Jinkirin da ake ji tsakanin magana da dawowarta a kunne, na rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, daga 1024, wanda a 48kHz ya haura miliseken 21, zuwa 128 da bai kai 3 ba, daga baya ma na koma sauraren kai tsaye daga akwatin na huta. 

Wuta ce dai sai an yi hattara a garin nan. Na gode Allah da na zaɓi mai shan wuta daga USB, bolt 5 kawai yake ja daga laftof, in an ɗauke wuta ana tsakiyar ɗauka batiri ya riƙe mu. Amma in an tayar da janareta caja na jiki, wani gurnani ke shiga sautin, irin na 50Hz ɗin wutarmu, kuma sau ɗaya leɓena ya taɓa ragar makirufo na ji wuta ta ɗan ja ni. Mai wayarin da na kira ya tarar soket ɗin ɗakin ba shi da wayar ƙasa kwata-kwata, ya ja min ita. Duk da haka in zan ɗauki abu mai muhimmanci cire caja nake yi. Wani ya ba ni shawarar in karya haƙori na uku na fulogin lasifika wai gurnanin zai tafi. Ban yi ba, kuma kada kowa ya yi, haƙorin nan shi ke tsakaninka da wutar da ta kuɓuce a cikin na'ura.

Na koma kan fantom, don shi ne ciwon. Ba fiyano kaɗai yake ci ba. Kwanaki a wani wurin wa'azi na ga wani yaro zai jona wayar salularsa da babbar mikisa ta irin wayar nan tawa, jak ƙarami a gefe, XLR a gefe, fitilar 48V tana ci ja. Ban san shi ba, amma na riƙe hannunsa. Haka mafitar wata mikisar, haka laftof, haka makirufon ribon ga wanda Allah ya hore wa. In dole sai ta XLR za a shiga, a sa akwatin DI mai taransifoma a tsakani, wato ɗan akwatin da ke karɓar jak ya fitar ta XLR, shi ba ya barin wutar ta ƙetara. Ni dai tsarina yanzu ba ya canzawa ko wa ke jira: in sauke ƙarar lasifika, in tabbatar 48V a kashe, in jona komai, sannan in kunna. In zan cire, in kashe shi, in ƙirga goma a raina don wutar ta sauka, sannan in zare. Lasifika ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ta farko a kashewa. Na manna jan salatif a gefen maɓallin, wayar nan kuma na datse ta gida biyu da almakashi don kada wani ya tsince ta a jakata.

Tallan mai atamfa da kiɗan kwamfuta na ƙarasa shi, don ban da fuskar da zan sake kiran Yaya. Sai bayan Babbar Salla, da wani aikin ya zo, shi da kansa ya ji labari ya kira ni ya ce zai zo. Ya sauke fiyanon, ya ɗora a tebur, na miƙa hannu zan buɗe jakar wayoyi, sai ya zaro wata sabuwar waya daga aljihun rigarsa, jak da jak, ko ledarta ba a cire ba. Ya miƙo min ya ce, "Ungo, ƙanena, sa wannan." Na sa ta a ramin tsakiya, ya danna, sautin ya fito tas, muka yi aikin a ɗauka biyu.