Daga Suva zuwa Funafuti

A taswira, tsakanin Suva, babban birnin Fiji, da Funafuti na ƙasar Tuvalu kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Sai da na shiga jirgin na san kilomita kusan 1,070 a kan teku ba wasa ba ne.

Mun tashi daga filin jirgi na Nausori da ke kusa da Suva a wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu. Awa biyu da rabi ina leƙa taga, ba tsibiri, ba jirgin ruwa, sai ruwa shuɗi da gajimare. Gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi ta tunanin in wani abu ya faru, ina matuƙin zai dosa?

Can sai ga Funafuti, siririyar ƙasa kamar an yar da zare a kan ruwa. Duk faɗin Tuvalu murabba'in kilomita 26 ne kacal. Titin da muka sauka a kai sojojin Amurka ne suka gina shi lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma ya cinye babban yanki na tsibirin. Ba shinge. Idan jirgi zai sauka sai a busa jiniya, jama'a su kauce. Da yamma kuwa wajen ya koma filin ƙwallo da dandalin hira, yara na guje-guje, babura na wucewa.

Jirgi sau kaɗan yake zuwa a mako, shi ya sa ranar komawa tun da sassafe na ɗaure jakata.