Yadda na zana faifan Siegel a kwamfuta

Wata guda na shafe ina ƙoƙarin zana abin da masana lissafi ke kira faifan Siegel, kuma a cikin wannan aiki ne na fara sanin ainihin darajar mutumin da aka raɗa wa faifan sunansa, wato Carl Ludwig Siegel, Bajamushen da aka haifa a Berlin a 1896.

A ido aikin ba shi da wuya. Ana ɗaukar ɗigo ɗaya a filin lambobi masu sarƙaƙiya, wato shimfiɗar da kowane ɗigo a kanta lamba ce kuma sifiri ne tsakiyarta, a juya shi da wata kusurwa, a ƙara masa ninkin kansa da kansa, sannan a maimaita haka a kan sakamakon sau dubbai. Idan kusurwar ta dace, ɗigon da ke kusa da sifiri ba ya faɗawa tsakiya kuma ba ya tserewa, sai dai ya yi ta kewayawa har sawunsa ya fitar da zobe rufaffe, zobe cikin zobe kamar saƙar faifai. Na zaɓi kusurwar da kowa ke farawa da ita, lambar zinariya, wata sananniyar lamba marar ƙarshe, sai na rubuta ta a taƙaice, 0.618 na cikakken zagaye. Maimakon zobe, ɗigogina suka taru gungu-gungu da giɓi a tsakaninsu, na kuma kwana uku ina neman kuskure a umarnin da na ba kwamfuta, alhali kuskuren yana cikin lambar kanta. Ashe 0.618 ba kome ba ce illa 309 bisa 500, don haka bayan juyi 500 ɗigon yana komawa kusan inda ya taso. Faifan kuwa ba ya samuwa sai da lambar da ba ta rubutuwa a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu.

Wannan tuntuɓe ne ya tura ni ga takardar da Siegel ya buga a 1942 a mujallar Annals of Mathematics, lokacin yana gudun hijira a Princeton, bayan ya bar Jamus ta Nazi a 1940 ta hanyar Norway. Kafin shi, wani Bajamushe, Hubert Cremer, ya nuna a ƙarshen shekarun 1920 cewa akwai kusurwoyin da ba rabo ba ne amma duk da haka faifan ba ya samuwa, saboda sun yi wa lambobin rabo kusa ƙwarai. Tushen matsalar shi ne, a cikin lissafin ana ta raba lambobi da wasu ƙananan lambobi masu kusantar sifiri, kuma babu wanda ya iya tabbatar da cewa jimillar sakamakon rabe-raben ba za ta kumbura ta wuce iyaka ba. Siegel ya lura cewa waɗannan ƙananan lambobi ba sa yin ƙanƙanta a jere, tilas akwai tazara tsakanin munanan cikinsu, da wannan ya ɗaure jimillar cikin shafuka shida kacal. Sati biyu na yi kafin na fahimci shafi na huɗu.

Da na ƙara lambobi goma sha biyar a ƙarshen 0.618, zoben ya rufe a allo, amma a lokacin na riga na gane cewa kwamfuta ba ta iya riƙe lamba marar ƙarshe, saboda haka hoton da nake gani kwatanci ne kawai, tabbacin yana cikin hujjar Siegel.

Siegel ya yi digirinsa na uku a Göttingen a 1920 a hannun Edmund Landau, ya zama farfesa a Frankfurt a 1922, ya koma Göttingen daga Amurka a 1951. An ba shi lambar yabo ta Wolf a 1978, shekarar farko da aka fara bayar da ita, tare da Israel Gelfand, ya kuma rasu a 1981. A ganina yabon ya makara, domin shekara 36 ke nan bayan waɗancan shafuka shida. Tambayar da ya bari, wato ainihin waɗanne kusurwoyi ne ke ba da faifai a irin lissafin da na gwada, sai da Alexander Brjuno da Jean-Christophe Yoccoz suka ɗora a kan aikinsa kafin ta warware, Yoccoz kuma ya karɓi lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, a 1994.