Daga ɗan baya zuwa mai riƙe da ƙungiya a ƙananan gasannin Maraɗi

Duk tsawon shekarun da na yi ina buga ƙwallon ƙafa ban taɓa taka leda a gasar rukuni na ɗaya ta Nijar ba. Ɗan baya ne ni, kuma rayuwata ta wasa ta ƙare ne tsakanin gasar jiha da gasannin dogon hutu, a filayen rairayi na unguwannin Maraɗi da na Tibiri, Madarumfa, Gidan Rumji da Tasawa. Mun taso muna jin manya suna ba da labarin yadda ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakarar ƙasa a 1983, muna kuma kallon ƴan wasan ƙungiyar Dankasawa ta garinmu da sha'awa, kowa a cikinmu yana fatan wata rana a kira shi Yamai. Da ciwon gwiwa ya tsayar da ni, dattawan ƙungiyar unguwarmu suka ce in riƙe yaran kafin a samu wani, kuma har yau riƙon yana hannuna.

A manyan ƙungiyoyi akwai mai horaswa, akwai sakatare, akwai mai kula da kaya, akwai likita. A matakinmu mutum ɗaya ne yake ɗauke da waɗannan duka, ko da yake yara koci kawai suke kiransa. Ni nake zagaya ƴan kasuwa neman gudummawar riguna, ni nake cinikin motar da za ta kai mu wasan waje, ni nake tabbatar da cewa an ci abinci tun da hantsi don kada a shiga fili da ciki a cike ko da yunwa. Ƴan wasana ba albashi suke ɗauka ba, sai ɗan kuɗin sabulu idan an samu, saboda haka yawancinsu ƴan kabu-kabu ne, ko masu koyon ɗinki da walda, ko ƴan makaranta. Idan damina ta sauka, rabinsu suna gona, kuma babu uban da zai bar noman gero ya jira atisaye. Na koyi tsara horo bisa wannan: da sanyin safiya a watannin zafi na Afrilu da Mayu, gajere kuma mara nauyi a watan azumi, sannan a sassauta lokacin shuka da noman farko. Mai horaswar da ya ce zai yi faɗa da gona ko da shagon maigidan yaro, ƙungiyarsa ce za ta watse.

Abin da wasa bai koya mini ba, sai riƙon ƙungiya, shi ne nauyin takarda. Kowane ɗan Nijar mai son ƙwallo yana tuna yadda Mena, ƙungiyar ƙasarmu, ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka a karo na farko. A watan Oktoba na 2011, a ranar ƙarshe ta wasannin share fage, Masar ta ci mu 3 da nema, ita kuwa Afirka ta Kudu ta tashi babu ci da Saliyo, har ƴan wasanta suka yi ta rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye ya kai su. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawa tsakanin ƙasashen da suka yi kunnen doki ake fara dubawa. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowacce tana da maki 9, kuma a wannan lissafin Nijar ce kan gaba, don haka ƙungiyar mai horaswa Harouna Doula ta tafi gasar 2012 da aka yi a Gabon da Ikwatoriyal Gini. Idan babbar ƙasa mai ma'aikata da yawa za ta rasa gurbi saboda ba a karanta doka da kyau ba, ina ga ƙaramar ƙungiyar unguwa? Tun da na karɓi aikin nan, ba na shiga gasa sai na zauna da takardar dokokinta na bi ta layi-layi: katin gargaɗi nawa ne ke hana yaro wasa na gaba, yaushe ake rufe rajista, a wane lokaci ake shigar da ƙorafi kafin ya zama aikin banza. Na ga ƙungiyoyin da suka ci wasa a fili, aka ƙwace musu maki a ofis saboda sun sa yaron da lasisinsa bai fito ba.

Inda na fi tsayawa kai da fata shi ne batun shekaru. Yara da yawa a ƙauyukanmu ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai daga baya a je kotu a yi musu ta madadi, kuma a nan ne wasu suke samun ƙofar rage shekaru. Wata rana mahaifin wani yarona, ɗan gaba mai saurin gaske, ya zo gidana bayan sallar isha'i da takarda a naɗe cikin leda. Ya ce, "Malam, wani ya ce zai kai shi Turai gwaji, amma sai an rage masa shekara uku, kuma sai na ba da kuɗin hanya." Na ce masa, "Baba, don Allah ku riƙe kuɗinku, ku bar takardar yadda take." Na bayyana masa cewa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ya yi wa ƙungiya wasa, in ban da wasu ƴan yanayi kaɗan, don haka rage shekarun ma nesanta yaron zai yi da tafiyar halal. Na ƙara masa da cewa tun 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasannin ƴan ƙasa da shekara 17, kuma yaron da aka kama, sunansa ne ke ɓaci, wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya riga ya yi gaba. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske takan aiko da takardar gayyata, kuma ba ta bin iyaye su sayar da gona ko bisashe. Dattijon ya yi shiru, ya mayar da takardar cikin aljihu, ya ce zai yi shawara da mahaifiyar yaron. Yaron yana nan tare da mu da shekarunsa na gaskiya.

Akwai kuma riba ta zahiri a cikin rajista mai kyau, wadda shugabannin ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba su kula da ita ba. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23, kuma a 2022 an buɗe ofishi na musamman a Faransa don isar da irin waɗannan kuɗaɗe ga masu su. Sai dai ƙungiyar da sunanta ya fito a tarihin rajistar yaron ce kawai take da haƙƙi. Wanda ya ciyar da yaro shekara da shekaru, ya saya masa takalmi, amma bai yi masa lasisi a FENIFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ba, ya yi wa wani noma. Moussa Maazou, wanda ya ci Masar a Yamai a 2010, daga ƙungiyar sojoji ta AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga can ya wuce CSKA ta Mosko, abin da ke nuna cewa hanyar a buɗe take ga ɗan Nijar idan an bi ta da takardu na gaskiya.

Game da cikin fili, abin da zan ce kaɗan ne. A watan Fabrairu na 2019, lokacin da filin wasa na Maraɗi ya karɓi wasu wasannin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, wadda Mali ta lashe, na kai yarana kallo, na ce kada su bi ƙwallo da ido, su kalli inda ƴan baya huɗu suke tsayawa idan ƙwallon yana nesa da su. Yaranmu ba su rasa gwaninta ba, tsayuwa da magana da juna ne suke yi musu wuya, kuma waɗannan ana iya koyar da su ko a kan rairayi da ƙwallaye uku.

Yanzu ina da mataimaki, tsohon mai tsaron gidanmu, wanda nake matsa wa ya nemi takardar horaswa ta CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Kafin a buɗe rajistar baɗi, aikin da na ba shi shi ne ya bi gidajen sababbin yaran da suka zo mana ɗaya bayan ɗaya, ya gaida iyayensu, ya ga takardar haihuwar kowanne da idonsa.