Man hantar kifin shak a kasuwar Gujungu

Ranar Lahadi na hau mota a tashar Yankaba, muka bi ta Gezawa da Ringim, hantsi ya dubi ludayi muka sauka Gujungu. Layin 'yan kifi na nufa, inda ake jera kwandunan tarwaɗa da karfasa masu banda daga kogin Haɗeja. A bakin layin wani mai magani ya baza kaya a tabarma, har da robar ƙwayoyin man hantar shak, rana na dukanta.

Wani dattijo masunci ya juya robar ya ce, "Malam, wane irin kifi ne hantarsa ke ba da mai haka?"

Na ce, "Baba, ku da kuke feɗe giwan ruwa kun san jakar iskar da ke cikinsa. To shak ba shi da ita. Hantarsa ce ke hana shi nutsewa."

Wanda aka fi farauta saboda man nan ƙaramin shak ne na can ƙasan teku, tsawonsa wajen mita ɗaya. Baƙi ne ko ruwan ƙasa, idanunsa manya kore shar, masu tattara ɗan hasken da ke isa wurin. Akwai ƙaya a gaban kowanne daga fikafikan bayansa biyu. Hantar kan kai kwatan nauyinsa, cike da wani mai da ake kira sikwalin, wanda bai kai ruwa nauyi ba. Wani masani ɗan Japan, Mitsumaru Tsujimoto, ya gano sinadarin a 1916. Irin shak ɗin da ake kira Centroscymnus coelolepis an kama shi a zurfin mita 3,675, kuma ana samunsa a gangaren Tekun Atlantika daga Fotugal zuwa yammacin Afirka, har da ruwan Japan da Ostareliya.

Abin da ke damuna shi ne haihuwarsu. Karfasa cikin 'yan watanni ta fara ƙwai. Waɗannan kuwa sai sun shekara goma ko fiye kafin su balaga, kuma 'ya'ya suke haifa. Wani irinsu, Centrophorus, cikinsa kan kai shekara biyu, wata sa'a ɗa ɗaya tak. Shi ya sa da masuntan tsibiran Maldibis da ke Tekun Indiya suka faɗa musu da ƙugiya a farkon shekarun 1980, ba a jima ba kamun ya karye.

Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce ko a nan taru mai ƙananan ido ne ya cinye musu kogi.

Kafin in tashi na roƙi mai maganin ya mayar da robar inuwa, don zafi da haske na lalata man kifi ya yi ɗoyi. Na kuma gaya masa ana samun sikwalin daga zaitun da rake, ba sai daga hantar shak ba. Na sayi tarwaɗata, na kama motar Kano bayan la'asar.